Hazo, hayaƙi da numfashi: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, ina tuƙa A Daidaita Sahu a Kano. Me ya sa a lokacin hunturu, da asuba da bayan magariba, hayaƙi ke kwanciya a kan titi har idanuna su riƙa zafi, alhali yawan ababen hawa bai ƙaru ba?

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne, kuma yanayi ne ke jawo shi. Idan rana ta take, ƙasa takan ɗauki zafi, iskar da ke kusa da ita ta tashi sama ta tafi da hayaƙin motoci da na janareto da na bolar da ake ƙonawa. A daren hunturu kuwa, da yake babu gajimare kuma babu danshi, ƙasa tana hucewa da sauri, sai iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar faifan da aka rufe ƙwarya da shi. Duk hayaƙin da gari ya fitar sai ya taru a ƙarƙashi, daidai inda kake numfashi, har sai hantsi ya dubi ludayi. Idan iska ta tsaya cak na kwanaki, lamarin yakan yi muni ƙwarai, kamar yadda ya auku a Landan a watan Disamba na 1952, inda hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin kwana biyar, dubban mutane suka rasu. Ka nemi takunkumi irin N95 wanda ke kama hanci da kyau, domin rawani ko ƙyalle babbar ƙura kawai suke tarewa, sannan ka riƙa kashe inji idan cunkoso ya tsayar da kai.

Tambaya: Ɗana mai shekara bakwai yana da asma, kuma duk ranar da hazo ya sauka a nan Damagaram sai numfashinsa ya sarƙe. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Yawancin ƙurar nan tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta tsakanin Nuwamba da Maris. Wadda ta fi damun mu likitoci ita ce wadda ido ba ya gani, wato PM2.5, wadda kaurin gashin kai ya ninka ta kusan sau 30, domin tana wuce hanci da maƙogwaro ta isa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinta a yini ya wuce maikurogiram 15 a kowace kubik mita ɗaya ta iska, amma ranar hazo mai ƙarfi akan ninka hakan sau da yawa, balle idan ya haɗu da hayaƙin gari.

A irin wannan rana ki rage masa wasa a waje, ki rufe tagogi, ki yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma a hura itace ko a sa turaren wuta kusa da shi. Ina roƙon ki, kada ki daina ba shi maganin shaƙa na rigakafi don kin ga ya samu sauƙi. Iyaye da yawa a nan suke yin kuskure. Idan kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya canza launi, ki garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Da gaske ne damina tana tsabtace iska?

Amsa: Haka ne, Malama. Ruwan sama yana wanko ƙura da toka daga sama, ƙasa mai danshi kuma ba ta tayar da ƙura, shi ya sa masu ciwon ƙirji da yawa ke samun sa'ida. Sai dai a kiyayi guguwar da ke gabatar ruwan farko, a shige ɗaki har ta wuce.

Tambaya: Mahaifinmu tsoho ne mai hawan jini, muna sa masa kaskon gawayi a ɗaki saboda sanyi. Akwai illa?

Amsa: Akwai, kuma babba, Malam. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba mara launi mara wari wadda ke kashe mutum cikin barci, hayaƙinsa kuma yana ƙara wa zuciyar Baba nauyi a kan wanda hazo ya riga ya ɗora mata. Ku fitar da kaskon tun yau, ku ƙara masa bargo da safa da hula.