Rasit ɗaya na zuwa sau biyu bayan sabunta manhaja

Tambaya: Ina kula da manhajar wata makaranta a Gwarimpa, Abuja, wadda ke tura wa iyaye rasit ta SMS idan sun biya kuɗi. Da yaren shirye-shirye na Python da asyncio (sashensa na gudanar da ayyuka da yawa a lokaci guda) aka rubuta ma'aikacin, wato shirin da ke ɗaukar ayyuka daga layin jira, yana gudana a Docker, manhajar da ke gudanar da shiri a cikin keɓaɓɓen akwati. Duk sanda muka sabunta shi, wasu iyayen su sami saƙo biyu, wasu ko ɗaya ba su samu ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Malam, fara da duba yadda ake kashe ma'aikacin. Umarnin docker stop yana aika SIGTERM, siginar da ke neman shiri ya tsaya, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya aika SIGKILL, siginar kashewa ta dole, wanda babu shirin da ke iya tare shi. Kubernetes, mai sarrafa irin waɗannan akwatuna da yawa, daƙiƙa 30 yake bayarwa. Sau da yawa SIGTERM ɗin ma ba ya isa ga Python: idan an rubuta CMD, umarnin da Docker ke tada shirin da shi, a sigar shell, /bin/sh, shirin da ke fassara umarnin, ne ke karɓarsa kuma ba ya miƙawa. Mayar da CMD ɗin sigar exec, wadda ke tada Python kai tsaye.

Daga nan ka kama siginar da loop.add_signal_handler. Tana zuwa, a daina ɗaukar sabon aiki, a ba waɗanda ke hannu kamar daƙiƙa 8 da asyncio.wait, ragowar a soke su. Kada ka haɗiye CancelledError, kuskuren da asyncio ke jefa wa aikin da aka soke. Tun Python 3.8 except Exception ba ya kama shi, amma except tsirara yana kamawa, sai aikin ya ƙi mutuwa har SIGKILL ya riske shi.

Sai dai duk wannan ba ya amfani ranar da wuta ta ɗauke wa sabar, don babu siginar da za ta zo. Saƙon da ya ɓace, an shaida wa layi an gama shi tun kafin a tura. Wanda ya zo sau biyu kuwa, an tura, ma'aikacin ya mutu kafin ya shaida, layi ya sake miƙo shi. Saboda haka shaida ta zo bayan aiki, kuma kowane rasit ya ɗauki lambar biyan kuɗinsa a rumbun bayanai, da sharaɗin UNIQUE, wanda ke hana lamba ɗaya shiga sau biyu. Kafin turawa a duba: in an rubuta "an tura", a wuce.

Akwai ɗan gibi tsakanin turawa da rubutawa wanda lambar ba ta toshewa, sai in kamfanin SMS ɗin yana karɓar lambar hana maimaici. A rasit, gara uba ya ga saƙo biyu da ya zo ofis yana neman shaida. In kuɗi ake turawa, a rubuta alama "ana kan yi" kafin turawa; in an tarar da ita daga baya, a tambayi banki tukuna kafin a sake.