Abin da ejan ke lissafawa kafin ya faɗa maka kuɗin tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in kai mahaifiyata Umara a hutun makaranta na Disamba, da maiɗakina da yaranmu biyu, kuma mu ɗan huta kwana uku a Masar a hanyar dawowa. Na je wurin ejan biyu a Kano, dukansu kwana 14 suka ce, amma tazarar da ke tsakanin kuɗinsu ta ɗaure mini kai. Me suke lissafawa? Kuma ta yaya zan gane wanda ya tsara tafiyar da gaske? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya, ya ba Hajiya lafiyar zuwa da dawowa.

Ka tuna zamanka da kowannensu. Wa ya fara yi maka tambayoyi, wa kuma ya zaro takarda ya ce ga farashi? Mu da muke wannan sana'a, tambaya muke farawa da ita. Shekarun Hajiya nawa? Tana iya doguwar tafiya a ƙasa ko gwiwa na damunta? Akwai ciwon suga ko hawan jini? Yaran fa? A yawancin kamfanonin jiragen sama, jaririn da bai kai shekara 2 ba ba shi da kujera, kuɗinsa kaɗan ne, daga 2 zuwa 11 kuma akwai ɗan ragi. Sai mu karɓi fasfo mu duba da idonmu, don dole ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Iyali guda sun taɓa zuwa mini da kuɗinsu a hannu, saura mako biyu tafiya, ina buɗe fasfon uwargida sai na ga saura wata huɗu ya mutu. Haka aka ɗage tafiyar kowa.

Sai jirgi. Ejan mai rajista yana shiga manhajar sayar da tikiti irin su Amadeus ko Sabre, ya ga kujerun da suka rage a kowane jirgi. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, tikitinsu ba iri ɗaya ba. Na ɗaya ana iya sauya masa rana da 'yar tara, na ɗayan kuwa in ya rasa jirgi kuɗin ya tafi. Wani yana da jaka biyu masu kilo 23, wani ɗaya tak. Daga Kano zuwa Jidda kai tsaye awa biyar ce ko ƙasa da haka kaɗan. In aka bi da ku ta Addis Ababa ko Alƙahira, kuɗin kan sauka, amma zaman jira a filin jirgi na iya cinye rabin yini, kuma tsohuwa da yara ne za su sha wahalarsa. Ku da kuke son tsayawa a Masar, bi ta Alƙahira ya zame muku riba, matuƙar an yanki tikitin a haɗe tun farko: Kano zuwa Saudiyya, Saudiyya zuwa Alƙahira, sannan gida.

Kuma ka bambance riƙe kujera da yankar tikiti. Ejan zai iya riƙe muku kujera na ɗan lokaci ba tare da ya biya sisi ba, ya buga maka takarda mai sunayenku. In wa'adin ya cika bai biya ba, kujerar ta koma kasuwa. Ka nemi lambar tikiti mai lambobi 13 ta kowane mutum, ka shiga shafin kamfanin jirgin ka tabbatar da kanka.

A masauki ne nake zaton yawancin tazarar da ka gani take. "Kusa da Harami" magana ce mai faɗi. Otal a farkon titin Ibrahim Khalil ko Ajyad daban yake da na can cikin Misfala, balle Aziziyya, inda sai an hau bas. Makka gari ne mai duwatsu, mita 600 a taswira na iya zama hawan tudu. Na taɓa ganin wata dattijuwa a irin wannan masauki, ta dawo daga sallar Asuba tana dafe da bango, tana tsayawa duk bayan 'yan taku tana mayar da numfashi. Daga ranar ta koma yin salla a ɗaki. An kashe kuɗi an kawo ta har Makka, amma jam'in Harami ya gagare ta. Tun daga lokacin ba na saka wa tsoho otal sai na san hanyar da ƙafata ko wani amintacce ya taka ta. Don haka ka ce a rubuta maka sunan otal ɗin, ka duba shi a taswirar wayarka. Ka tambayi mutum nawa ne a ɗaki, don farashi mai sauƙi sau da yawa na ɗakin mutum huɗu ne, a haɗa ku da baƙi, maza daban mata daban. Ka tambayi abinci: karin kumallo kaɗai, ko babu ko ɗaya?

Da Hajiya a tafiyar, ni zan fara da Madina. Ta huta gajiyar jirgi, ta yi ziyara a natse, sannan ku ɗauki harami a Zul Hulaifa ku wuce Makka. Tsakanin biranen biyu akwai jirgin ƙasa na Haramain da aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, bas kuwa kan yi awa biyar zuwa shida. Shiga Rauda sai da izini ta manhajar Nusuk, ejan mai lura zai nuna muku yadda ake kama lokaci tun da wuri. Sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne, saboda haka a sa kuɗin keken turawa a lissafi. Ku kuma riƙi rigunan sanyi, Madina na da sanyi da dare a Disamba.

Bizar Masar daban ce da ta Umara, ana nemanta tun kuna gida, kada wani ya ce maka "sai mun isa". Kwana uku sun isa a ga dalar Giza, a yi salla a Azhar, a zaga kasuwar Khan Khalili, in an tanadi mota da direba.

Game da kuɗi, otal da biza da motoci na Saudiyya duk da riyal ake biya, riyal kuma a ɗaure yake da dala, 3.75 a kan dala ɗaya. Da naira ta motsa, farashi ya motsa, shi ya sa muke sa wa'adi a takardar farashi. Disamba ma lokacin cunkoso ne, ko da yake bai kai goman ƙarshe na azumi ba.

Kafin ka ba da ko kwabo, ka tabbatar kamfanin na da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa da dokar 2006 ta ɗora wa sa ido kan kamfanonin jirgin yawo. Ka biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit. Sannan ka koma wurin su biyun ka ce kowa ya rubuta maka sunan jirgi, sharaɗin tikiti, sunan otal na Makka da na Madina, yawan mutanen ɗaki, da lambar wanda zai tarbe ku a filin jirgi. Ka ajiye takardun biyu gefe da gefe ka karanta wa maiɗakinka, ku yanke shawara tare.