Amsa kan wanda ya horar da Prefontaine

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanina, na saurari muryarka inda kake cewa Bill Bowerman ne ya horar da Steve Prefontaine, shahararren ɗan tseren Amurka, a Jami'ar Oregon, kuma kana tambaya ko dole sai koci ya taɓa zama zakara kafin ya iya koyar da gudun dogon zango. To bari in ɗan gyara maka wani abu.

Gaskiya ne Bowerman shi ne babban koci a lokacin, kuma sunansa ya fi fita saboda da shi aka kafa kamfanin Nike. Amma akwai mutumin da ake yawan mantawa da shi, Bill Dellinger, mataimakinsa, wanda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Prefontaine a atisayen yau da kullum. Ni a wurina shi ya fi cancanta ku san tarihinsa.

An haife shi a 1934 a jihar Oregon ta Amurka. Shi ma ɗalibin Bowerman ne, ya ci gasar jami'o'in ƙasar a tseren mil ɗaya a 1954, sannan ta mita 5,000 a 1956. Ya je Olamfik a Melbon 1956, ya dawo hannu rabbana. Ya koma Rum 1960, haka dai. Wani da nan zai rataye takalmi. Shi kuwa yana koyarwa a makarantar sakandare, yana ci gaba da atisayensa, har tseren mita 5,000 na Olamfik ɗin 1964 a Tokiyo, yana da shekara 30. Ranar ana ruwan sama, fili ya jiƙe sharkaf. Michel Jazy na Faransa ya ɓalle a zagayen ƙarshe kamar ya gama da kowa, sai ƙarfinsa ya ƙare dab da layi. Bob Schul na Amurka ya ɗauki zinare, Harald Norpoth na Jamus azurfa, Dellinger ya kamo Jazy a kan layi ya karɓe tagulla. Ka ga shekara 8 yana bin lambar yabo ɗaya.

To wannan haƙurin ne ya kai wa yaransa. A 1973 ya gaji Bowerman a matsayin babban koci, ya riƙe aikin har 1998. Ƙungiyarsa ta ci kofin jami'o'i na gudun ƙetare daji sau 4, a 1971 (tun kafin ya gaji Bowerman), 1973, 1974 da 1977, ta kuma ci na guje-guje da tsalle-tsalle a 1984. Manyan 'yan tsere Alberto Salazar da Rudy Chapa duk ta hannunsa suka bi.

Amma kofuna ba su suka fi burge ni ba, tsarinsa ne. Abu na farko da yake nanatawa shi ne kada a wuce gona da iri. Yau an sha wahala, gobe a sassauta, a riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a riƙa sauya salon atisaye don kada jiki da zuciya su gaji da abu ɗaya. Sai kuma ya saba wa yaro da irin azabar da zai tarar ranar gasa, kamar yadda hannun manomi ke yin kanta. Ka ji mutumin da ya san ciwon faɗuwa. Saboda haka amsar tambayarka, a ganina ba zinaren ba ne sharaɗi, sanin yadda jiki ke ginuwa da yadda yake lalacewa shi ne sharaɗi.

Af, wani ya taɓa turo maganar atisayen 30-40 a nan guruf, ai na Oregon ne. Mita 200 a daƙiƙa 30, sai mita 200 a daƙiƙa 40, babu tsayawa, har sai ka kasa riƙe lokacin. Don Allah kada wani ya kwaikwayi waɗannan lambobin, na manyan 'yan tsere ne. In za ka gwada, ɗauki naka saurin na mita 200 ka ƙara daƙiƙa 10 a ta biyu, ka fara da zagaye 3 ko 4 da sassafe kafin rana ta buɗe. Sai na ji daga gare ku.