Manhajar sa ido kan netwok: ina ya kamata kuɗinka ya tafi?

Tambaya: Ina da shaguna uku, kowanne da rauta, kyamarori da na'urar biyan kuɗi da kati. Sau da yawa sai kwastoma ya miƙo katinsa sannan mu gane intanet ta ɗauke. Wani mai haɗa manhaja ya ce zai gina mini ta Android da ta iPhone don sa ido. Wani kuma ya ce shafin intanet da ake girkawa a waya ya wadatar. Wanne zan bi?

Amsa: Alhaji, bi shawarar na biyun. Gina manhaja biyu daga tushe kashe kuɗi ne a inda ba a buƙata, ga kuɗin rajista: dala 99 duk shekara a wajen Apple, dala 25 sau ɗaya a Google Play, ban da ladan mai gyara duk lokacin da wani abu ya canza. Irin shafin da aka kwatanta maka ana kiransa PWA. A Chrome kake buɗe shi ka zaɓi girkawa, a Safari kuma ka ɗora shi a fuskar waya, sai tambarinsa ya zauna cikin sauran manhajoji. Tun daga iOS 16.4 a 2023, iPhone ma tana karɓar sanarwa daga irinsa, muddin an ɗora shi a fuskar wayar.

Amma ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Tambarin nan taga ce kawai, mai gadin yana wani wuri. Burauza ba ta iya ƙwanƙwasa rautarka dare da rana tana tambaya ko tana raye. Wannan aikin wata kwamfuta ce da ba ta barci take yin sa. Ba sai an rubuta maka sabon abu ba: akwai wata manhaja mai suna Uptime Kuma, kyauta ce, tana duba kowace na'ura duk daƙiƙa 60 in ba ka canza ba, ta turo saƙo ta Telegram ko imel. Zabbix da LibreNMS sun fi ta zurfi, sai dai sun yi wa shago uku yawa.

To a ina za a ajiye kwamfutar? Nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. In ka ajiye ta a cikin shago, ranar da intanet ɗin shagon ta ɗauke za ta ga matsalar sarai, amma ba ta da hanyar sanar da kai. Don haka ko dai ka yi hayar ƙaramar saba a waje, wato kwamfutar da ke aiki dare da rana a intanet, na'urorin shagunan su riƙa aika mata alamar suna nan, in ta ji shiru ta tashe ka, ko kuma ka ba kwamfutar da ke shagon layin intanet na biyu da batir. Kuɗin da ka so zuba wa manhajar waya, nan ya fi cancanta ya tafi.

Ka sa mai haɗa maka ya tabbatar shafin yana kan HTTPS, wato hanyar haɗi mai tsaro, don ba tare da shi ba girkawa da sanarwa ba za su tafi daidai ba. Ƙungiyar Let's Encrypt na ba da shaidar tsaron da HTTPS ke buƙata kyauta, sai dai wa'adinta gajere ne, a saita ta riƙa sabunta kanta. Kada a bar shafin a buɗe ga kowa, domin yana nuna duk abin da ke cikin shagunanka. A sa kalmar sirri mai ƙarfi da tantancewa mataki biyu. Sannan ka dage a riƙa ganin lokacin dubawa na ƙarshe. Irin waɗannan shafuka kan adana kwafi a waya, ka ga komai kore shar, alamar lafiya lau, alhali hoton safe ne.

Kar ka raina tarihin da manhajar sa idon za ta tara maka. In mai sayar maka da intanet ya yi alkawarin za ta yi aiki kashi 99 cikin 100 na lokaci, wannan na nufin kusan awa 7 na ɗaukewa a wata, kashi 99.9 kuwa minti 43 ne. Da wannan lissafi a hannu za ka nemi rangwame ko ka sauya kamfani.

Kafin ka biya cikon ladan aiki, ka je shago ɗaya ka zare wayar rauta da hannunka, ka duba agogo ka ga minti nawa sanarwar za ta ɗauka kafin ta shigo wayarka. In ba ta zo ba, aikin bai ƙare ba.