Tambayi Mushe: Me Amurkawa ke ji idan Baturen Ingila ya buɗe baki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mushe. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, kuma tun da aka sa Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasarmu a 2025 na duƙufa wajen koyonsa. Yayana da ke tuƙin taksi a Niyok ya ce in koyi irin na Ingila, wai Amurkawa da sun ji shi sai su ɗauka mutum shehin malami ne. Amma wani abokina a fadarmu ya ce ƙarya ne, ai a finafinansu mugu ne kullum ke magana da wannan karin. Wa ke da gaskiya, kuma wanne zan kama? Daga ɗanka a unguwar Garin Malam, Damagaram.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Yayanka bai yi maka ƙarya ba, abokinka ma haka. Raƙumi ɗaya suka gani, wannan ta gaba, wancan ta baya.

Bari in fara kwance maka wani ƙulli. Babu wani abu guda da ake kira karin Ingila. Abin da yawancin Amurkawa ke nufi shi ne lafazin da masana ke kira RP a taƙaice, wanda ya girma a makarantun kwana na ƴaƴan masu hali irin su Eton da Harrow, da jami'o'in Oxford da Cambridge. Da aka kafa BBC a 1922 sai ta ɗauke shi, har ta naɗa kwamiti a 1926 don ya tsara wa masu karanta labarai yadda za su furta kalmomi. Masanin harshe Peter Trudgill ya taɓa ƙiyasta cewa masu wannan lafazi ba su wuce mutum 3 cikin 100 ba a Birtaniya. Sauran fa? Ku da ke kwana a gidan kallon ƙwallo kun fi ni sani. Ka saurari Jamie Carragher, ɗan Liverpool, yana sharhi bayan wasa, ka gaya mini ko ya yi kama da mai karanta labarai. Tsakanin Liverpool da Manchester bai kai nisan Damagaram zuwa Magarya ba, amma da mutum ya ce uffan an san daga wanne ya fito.

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a lise, an tura mu kwas na mako shida a wani ƙaramin garin jami'a da ke tsakiyar Amurka. Cikinmu akwai wani malami Bature daga Newcastle a arewacin Ingila, jibgege, mai jan fuska, ubansa mahaƙin kwal ne. Wata Asabar wasu iyali suka gayyace mu cin abinci. Bawan Allah bai ce komai ba illa a miƙo masa gishiri. Sai uwargidan ta ajiye cokali, ta dafe ƙirji, ta ce don Allah ya sake faɗa. Daga nan aka bar mu da faranti, aka koma kansa: ya taɓa ganin Sarauniya? Gidansu tsohon gini ne na dutse? Mijin kuwa ya rantse daga Ostireliya yake. Da muka fito muna tafiya cikin sanyi, ya yi ta dariya har da tari. Ya ce mini, a Landan in ya buɗe baki kowa ya san ubansa rami yake shiga, an taɓa ba shi shawara ya gyara harshensa in yana son aiki mai kyau. Ga shi ya ƙetare teku ya zama yarima.

To ka ga kunnen Ba'amurke ba ya rarrabe talaka da basarake a bakin Baturen Ingila, sai dai wanda ya zauna can. Abin da ya sani shi ne abin da aka shigo masa da shi: wasannin talabijin na gidajen sarauta da tashar PBS ke nunawa tun 1971, muryar David Attenborough tana bayanin namun daji cikin natsuwa, bikin auren gidan sarauta, Shakespeare da aka karanta a makaranta. Shekara da shekaru wannan sauti yana zuwa tare da littafi da fada, har kunne ya ɗaure su wuri guda. Mu ma muna da irin haka. Mutum ya tashi a taron ɗaurin aure ya fitar da haruffan Larabci daga maƙogwaro yadda ya kamata, kafin ya faɗi wani abin kirki an matsa masa a kan tabarma. A nan yayanka ya yi gaskiya.

Abokinka kuma daga wannan rijiyar ya ɗebo nasa ruwan. Labarin kafuwar Amurka, wanda kowane yaro ke sha a makaranta, labari ne na talakawan da suka yi wa Sarki George na Uku tawaye suka ayyana ƴancinsu a 1776. Saboda haka muryar da ke nuna ilimi ita ce kuma ke nuna girman kai, da wayon da ba a yarda da shi ba, da mutumin da zai sa a kashe ka bai ɗaga murya ba. Ka tuna fim ɗin zakuna na yara, The Lion King na 1994? Zakuna biyu, wa da ƙani, daji ɗaya. Sarkin kirki James Earl Jones ne ya yi muryarsa, Ba'amurke. Ƙanin da ya ci amana kuwa Jeremy Irons aka ba, Baturen Ingila, kuma bai ɓoye karinsa ba. Babu wanda ya tambayi a wace makaranta ƙanin ya yi karatu. Abin ya zama sananne har kamfanin motar Jaguar ya yi talla da shi a 2014, ya jera ƴan wasan Birtaniya uku suna alfahari da cewa su ne suka iya mugunta a fim.

Akwai ma fuska ta uku da ku matasa kuka fi cin karo da ita a TikTok, wato zolaya. Yaran Amurka na kwaikwayon mutanen Landan da ke haɗiye harafin t a tsakiyar kalma, su maye shi da ɗan tsaikon nan na maƙogwaro da muke yi a “sa'a” da “jama'a”. Mu a wurinmu harafi ne mai zaman kansa, su abin dariya ne.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ya buɗe mini ido. Yawancin Amurkawa, da ɗalibaina ma, suna ɗauka na Ingila ne na asali, na Amurka kuwa lalatacce. Ɗauki harafin r a ƙarshen kalma, kamar a “car”. Mai lafazin BBC ba ya furta shi, Ba'amurke kuwa sai ya murɗa harshe ya fito da shi. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka Jamestown ta Amurka a 1607, da r ɗinsu suka zo. Yar da shi bai zama abin yayi a Landan ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Ke nan a wannan gaɓar Amurkawa ne suka riƙe tsohon. Garuruwan bakin teku masu hulɗa da Landan, irin su Boston da Niyok, su ne suka kwaikwayi sabon yayin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai reshe ya juye da mujiya. A 1962 masanin harshe William Labov ya shiga manyan kantuna uku a Niyok, na masu kuɗi da na matsakaita da na talakawa, yana tambayar ma'aikata inda ake sayar da wani kaya da ya riga ya san a hawa na huɗu yake, don kawai su ce “fourth floor”. Ya tarar a kantin masu kuɗi aka fi furta r, a na talakawa aka fi yar da shi. Dubi ikon Allah: abin da ke sa a ce maka ɗan gidan girma a Landan, shi ne ke tona asirin aljihunka a garin da yayanka ke tuƙi. Harafin bai san komai ba. Mai furta shi ake dubawa.

Wannan ya kawo ni kan kaina. Ni da BBC na koyi Ingilishi, da wata rediyo mai batir huɗu da nake ɗaura wa waya a jikin bishiyar bedi don ta kama. Na je Amurka ina taƙama da lafazina. Ranar farko a gidan abinci na nemi ruwa, na ce “wota” da t ɗina tsaf kamar yadda aka koya mini. Yarinyar ta tsaya da alƙalami a sama. Na sake. Ta ce in nuna mata a takarda. Wani tsoho a teburin kusa ya leƙo ya ce mata “wara”, da r mai bugu ɗaya, nan take ta kawo kofi cike da ƙanƙara. Kuma a mako shidan nan babu wanda ya tambaye ni Sarauniya. Ni tambaya ɗaya ake yi mini: daga Jamaika kake? Ido yana riga kunne yanke hukunci, ɗana, kuma gara ka ji wannan daga bakina. Darajar da aka ba abokina na Newcastle ba ta biyo ni ba, alhali lafazina ya fi nasa kusa da na gidan rediyo.

Ban ji haushi sosai ba, don na saba. Na taɓa cewa “lekol” a wata kasuwa a Kano, ɗan kasuwar ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji, kuma ina kyautata zaton kuɗin shaddar ya ƙaru a lokacin.

Shawarata: kada ka ɓata shekara kana tauna harshe don ka zama ɗan Eton. Su kansu ƴan wasan Birtaniya da suka ci abinci a Amurka, irin su Idris Elba da Hugh Laurie, karin Amurka suka koya suka yi aiki da shi. Abin da ke hana a fahimce mu, mu ƴan Damagaram, daban ne. Muna cakuɗa p da f, don Hausa ba ta raba su ba. Faransanci ya saba mana da danna gaɓar ƙarshe ta kalma, Ingilishi kuwa kowace kalma da inda ake danna ta, kuma in ka kuskure wurin, ko ka iya haruffan ba za a gane ka ba. Wasu kuma suna zubar da h na farkon kalma, shi ma gadon Faransanci ne. Ka zaɓi tasha ɗaya, ko ta Landan ko ta Washington, ka riƙa sauraron minti goma kullum, ka maimaita da ƙarfi, ka naɗi muryarka a waya ka saurara. In Amurka ka nufa, kunnenka ya fi bukatar sabawa da nasu, don ranar da fasinja zai faɗa maka sunan titi cikin sauri ba zai jira ka ba. Ka gaida yayanka, ka kuma tambaye shi yadda yake neman ruwa.

TAMBAYA: Mushe, ina wuni. Ni malama ce a wani kolej a Mirya. Wata ɗalibata ta rubuta “color” na soke mata da jan biro, sai ta kawo mini wayarta ta nuna mini haka aka rubuta. Na yi kuskure ne?

AMSA: Lafiya lau, malama. Ki mayar mata da makinta. Wannan aikin Noah Webster ne, Ba'amurken da ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828, yana son ƙasarsa ta samu rubutunta na kanta kamar yadda ta samu tutarta. Shi ya tabbatar da cire u daga “colour”, da juya “centre” ta koma “center”. Duka biyun daidai ne. Inda za ki sa jan biro shi ne in ta haɗa su a takarda ɗaya, ta fara da Landan ta ƙare da Niyok. Wayarta kuwa, ki ce ta duba wurin zaɓen harshe, wataƙila za ta tarar a kan na Amurka aka saita ta.