Ku Tambayi Anti: Zaɓena na farko ne, ya zan gane ɗan takarar kirki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Ni budurwa ce shekarata 19 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kura, ina koyon ɗinki. Na yi rijista na karɓi katin zaɓena kuma wannan ne karon farko da zan zaɓi shugaban ƙasa, amma wallahi kaina ya ɗaure, Baffana yace ga wanda gidanmu za su yi, ƙawayena a shago kowa da nata gwanin, waya kuma kullum sai an turo bidiyo a WhatsApp wannan ɓarawo ne wancan maƙiyin Arewa ne. Dan Allah Anti ta ina zan fara in san su da kaina? Bana son in dangwala a makance.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Wasiƙarki ta faranta min rai sosai. Ba zan ce miki zaɓi wane ba, amma zan nuna miki inda ake dubawa.

Fara da tarihin mutum kafin bakinsa. Yawancin manyan masu neman kujerar nan sun taɓa riƙe mulki, kinga kenan ba sai kin yi duba ba. Ɗauki manyan 'yan takara huɗu na 2023: Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, Atiku ya yi mataimakin shugaban ƙasa a waɗannan shekarun, Peter Obi ya yi gwamnan Anambra, Kwankwaso kuma ya yi gwamnan Kano sau biyu, 1999 zuwa 2003 da 2011 zuwa 2015. Toh duk wanda ya fito a zaɓe mai zuwa ki tambaya, da yana kan kujera me ya yi, malamai sun samu albashi a kan lokaci, asibiti akwai magani, ya bar bashi ko ya bar aiki? In jiharsa ta yi miki nisa ai garinku ba a rasa masu zuwa ci-rani ko direbobin da ke kai shinkafa da tumatir kudu, ki sa yayanki ya tambaye su abin da idonsu ya gani, amma a tambayi mutum biyu ko uku don kowa da inda zuciyarsa ta karkata.

Sai abin da ya fi damuna, kuma a nan nake son ki nutsu. Mu mutanenmu waƙa muke ji, bama jin magana. Lokacin kamfen ɗin 2023 Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa da bakinsu cewa za su cire tallafin man fetur, ba a ɓoye suka faɗa ba, an yi ta hira da su a kai. Ranar 29 ga Mayu 2023 da aka rantsar da Tinubu ya sanar tallafi ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da naira 200 a gidan man gwamnati ta haura 500, sai ka ji mutane suna salati kamar daga sama abin ya faɗo. Ke da kike Kura kin san me hakan ya yi wa mai injin ban-ruwa da ɗan acaɓa, har kuɗin motar zuwa Kantin Kwari sayo yadi. Ko mutum yana ganin cire tallafin daidai ne ko kuskure ne wannan ra'ayinsa ne, abin da nake cewa shine an faɗa mana tun kafin zaɓe, mu kuma muna can muna rawa da kiɗan jam'iyya. Don haka in kin ji ana hira da ɗan takara a BBC Hausa ko Freedom Radio ko DW, ki rage ƙarar keken ɗinki ki saurara, me yace kan fetur, kan taki, kan tsaro, kan darajar naira, kuma da aka tambaye shi ta yaya zai yi, ya ba da amsa ko ya kauce ya koma zagin abokin hamayya. Ki bambance hirar ɗan jarida da shirin sojojin baka, su waɗannan an sayi filin ne don su yabi ubangidansu, kuma aikinsu kenan.

Ki san kuma me ke hannun shugaban ƙasa. Soja da 'yan sanda, kuɗin ƙasa, kwastan da iyakoki, manyan titunan tarayya irin na Kano zuwa Zariya da ya ratsa ta wajenku, duk nasa ne. Amma rufin firamaren garinku da ya yaye ko ƙaramin asibitin da ba nas, wannan galibi na gwamna ne da ciyaman. In wani ya zo yace ɗan takararsa na shugaban ƙasa zai gyara muku kwalbati, ki san daɗin baki ne.

Maganar bidiyon WhatsApp, duk wanda aka turo ba sunan gidan jarida ba kwanan wata ki ajiye shi gefe tukunna. Yanzu ana yanko rabin magana, ana ɗauko tsohon bidiyo a ce na jiya ne, har muryar mutum ana iya haɗawa da kwamfuta. In abin gaskiya ne babba za ki ji shi a labaran rediyo kafin gari ya waye, in baki ji ba kar ki tura wa kowa, alhaki ne.

Wani abu da ba a faɗa wa sababbi: takardar ƙuri'a ba hoton mutum a jiki, tambarin jam'iyya ne da gajeren sunanta. Na taɓa tsayawa a layi a wata firamare ƙarƙashin bishiyar darbejiya, wata tsohuwa a gabana ta karɓi takarda tana juya ta tana neman fuskar wanda take so, har ta fara hawaye don ta rasa. A 2023 jam'iyyu 18 ne a takardar shugaban ƙasa, kuma 'yan siyasa suna yawan sauya sheƙa, don haka ki tabbatar a wace jam'iyya naki yake a wannan karon, ki haddace tambarin tun daga gida.

Shi kuma Baffa, kar ki yi musu da shi a gaban mutane. Ki same shi bayan la'asar ki ce Baffa me ya sa kake ganin wane ya fi, ƙila ya faɗa miki abin da baki sani ba don ya ga zaɓuka da yawa. Ki ji nasa ki haɗa da naki binciken. In kin shiga wajen dangwalawa ke kaɗai ce, doka ta ce ƙuri'a sirri ce. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rijista amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a basu kai miliyan 25 sosai ba, don haka ranar ki fita da wuri, ki ja ƙawayen shagon ku tafi tare ko da ba gwani ɗaya kuke ba.

TAMBAYA: Anti wani mutum yana bi gida-gida a ƙauyenmu ta wajen Ringim yana karɓar katin zaɓe wai za a saka mu a tallafi, ya bada taliya da sabulu. In bashi nawa?

AMSA: A'a ƙanena, kar ka bashi, kuma ka faɗa wa su Inna su karɓo nasu. Ba zai iya zaɓe da katinka ba tunda na'urar BVAS sai ta tantance yatsanka ko fuskarka, amma in katin yana aljihunsa ranar zaɓe kai ma ba za ka yi ba, sau da yawa abin da ake nema kenan a akwatin da ake tsoron faɗuwa. Saye da sayar da katin zaɓe laifi ne a dokar zaɓe. In ya ƙi dawo da su ku je wajen mai unguwa tare, in abin ya gagara ku kai maganar ofishin hukumar zaɓe INEC na ƙaramar hukuma.