Alhaji, tambayi ɗan ƙanwarka kafin ka tambayi bakanike

Wani Alhaji mai fataucin wake da aya a Maradi ya aiko da tambaya. Yana da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, ɗan ƙanwarsa ke tuƙa ta zuwa kasuwannin Dakoro da Tasawa. Bakin karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya cinye, daidai wurin da fuli, faifan da ke jan bel, yake zama. Sau uku ana ɗora walda yana sake kwancewa, yanzu bakanike ya ce sai an sauke inji, jikka 150, wato sefa dubu 150. Wani kuma ya ce masa Turawa na sayen irin motar da miliyoyi. Ya gyara ne, ko ya jira mai saye?

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman abu guda: nawa motar ta kawo maka a bara, nawa ta ci? Babu. Ka ce “yaron yakan kawo abin da ya samu”. Nan ne ciwon yake.

Bakin karanshaf ba ya cinyewa dare ɗaya. Notin da ke ɗaure fuli ne yake sassautawa, fuli ya fara rawa, ya riƙa cin ɗan ƙarfen da ke kulle shi, har ramin ya buɗe. Kafin a kai nan, inji yana ƙara, mai yana tsiyaya ta gaba, bel yana karkacewa. Direban da ke kwana da mota ya ji wannan tun da wuri. Ya yi shiru ne don ba wanda ke tambayarsa. Walda ukun nan, wa ya ga takardarsu? Nawa ka bayar, nawa ya isa hannun mai walda? Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Kai ne ka bar shi ba littafi, kana jin nauyin uwarsa.

Na san wani mai hatsi da ya yi shekara biyu haka da ƙaninsa. Ran da inji ya ƙone a hanyar Ɗan Isa da kaya a kai, bel ya zube, famfon ruwa ya tsaya, ya rasa motar, suka kuma daina gaisawa. Har yau abin na damuna, don na ga alamar, ban matsa masa ba.

Maganar Turawa kuwa, ka ajiye ta. An harhaɗa 504 a Kaduna shekaru da yawa, ta cika ƙasar Hausa. Mai tara tsofaffin motoci yana neman wadda ba a taɓa ba ne, da takardunta, ba wadda ta sha buhu da rana da walda ba. Darajar taka tana cikin buhunan da take ɗauka.

Gyara dai a yi shi sau ɗaya. A fito da karanshaf, a cike bakin da walda, mai injin sassaƙa ƙarfe ya mai da shi awonsa, ya yanka sabon rami, ya duba ko zafi bai lanƙwasa shi ba. A sa sabon fuli da noti da robar tare mai. Ka tambayi kuɗin karanshaf na hannu a Katsina ko Ƙofar Ruwa a Kano. In bambancin kaɗan ne, shi ya fi. Kada ka yarda a manne fuli da karanshaf da walda.

Amma kafin ka fitar da ko dala, sayi littafi. Kowace tafiya a rubuta buhu nawa, mai nawa, kuɗin hanya nawa. In motar na barin jikka 50 a wata, gyaran ya biya kansa cikin wata uku. Kuɗin gyara kai za ka miƙa wa bakanike da hannunka. Yaron kuma ka yanka masa albashi a gaban uwarsa, ku zauna lissafi kowace Juma'a bayan an sauko masallaci.